Kwana biyu da Kawu a tafkin Kaddo

Sati biyar bayan an cire wa Kawu yanar ido a Dalas, a jihar Teksas ta Amurka, zaman gida ya fara isarsa. Mutum ne da ya tashi a Nguru, a gidan masunta, kuma duk da shekarun da ya kwashe yana koyarwa a firamare, da wuya wata ya fito ya faɗi bai sa ƙafa a kwale-kwale ba. Nan kuwa daga falo sai baranda, daga baranda sai masallacin Juma'a a cikin mota. Wata Asabar bayan la'asar yana tsaye jikin taga yana kallon titi, sai ya ce da ni, "Ɗan nan, wai ƙasar nan tasu babu ruwa ne? An buɗe mini ido, amma har yanzu ban ga abin kallo ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Tafkuna kam akwai su kewaye da Dalas, amma na madatsa ne, ruwa fetal ba itace ba ciyawa, sai jiragen wasa masu ƙara. Na san ba irinsu yake nufi ba. Wani abokin aikina ne, ɗan gabashin Teksas, ya ce in dai ruwa mai rai nake nema, in kai Kawu tafkin Kaddo, can kan iyakar Teksas da Luwiziyana, kuma in yi ƙoƙari mu je a watan Nuwamba.

Abu na farko da na yi shi ne kiran asibitin idon. Suka ce babu laifi, amma ya sa baƙin tabarau saboda ƙyallin ruwa, kada kuma ya wanke fuska da ruwan tafki. Daga nan na shiga shafin hukumar gandun daji da namun jeji ta jihar Teksas, inda ake kama wurin kwana. A nan na gane dalilin da ya sa abokina ya ce in yi sauri: ranakun Asabar da Lahadi na Nuwamba duk an kame su, domin lokacin ne ganyen bishiyoyin tafkin ke rikiɗewa, masu ɗaukar hoto kuma suna tururuwa daga nesa. Sai na ɗauki hutun Talata da Laraba a wurin aiki, na samu filin kafa tanti guda mai famfo a kusa. Akwai ƙananan ɗakuna na katako da ake haya, amma Kawu ya ce shi in zai kwana bakin ruwa, yana so ya ji ruwan. Matata ta haɗa mana dambun nama da soyayyar shinkafa a kula, da fulas biyu na shayi. Na sayi taswirar tafkin ta takarda mai jure ruwa, kuma wannan ita ce shawarar da zan fi jaddada wa duk mai niyyar zuwa. Waya tana rasa sabis a wurare da dama a cikin itatuwan nan, ga shi kuma wayar na iya faɗawa ruwa.

Mun bar gida bayan sallar asuba, muka ɗauki babbar hanya mai lamba 20 muka yi gabas. Tafiyar awa uku ce ba gaggawa. Sannu a hankali filin makiyaya ya fara ba da wuri ga dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, ƙasa ta koma ja kamar ta wajen Zariya. A garin Marshall muka sauka daga babbar hanya muka yi arewa zuwa Karnack, wani ɗan ƙauye da aka haifi matar shugaban Amurka Lyndon Johnson a 1912. Kusa da shi akwai wani makeken daji da sojoji suka riƙa haɗa albarusai a ciki tun Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka mayar mafakar namun daji a shekarar 2000. Ƙofar gandun jihar na tafkin Kaddo, inda muka kama wurin kwana, tana gaba kaɗan. Ginshiƙanta na jan dutse ne, aikin matasan da gwamnatin Roosevelt ta ɗauka aiki a shekarun 1930, lokacin da talauci ya game Amurka. Su suka share hanyoyin, su suka gina ɗakunan, kuma har yau ginin yana nan daram.

A ofis aka duba takardarmu, aka ba mu ta mannawa a gilashin mota. Na biya kuɗin hayar kwale-kwale, na sa hannu a takardar da ke cewa na san akwai haɗari, aka ba mu filafili biyu da rigar ruwa biyu. Dokar jihar ce kowane mutum a cikin jirgi ya kasance da rigarsa. Kawu ya juya rigar yana dubawa, ya ce shi da ya koyi iyo kafin ya koyi karatun allo. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri ka sa, ko don hankalina ya kwanta." Ya sa a kan jamfarsa bai ƙara magana ba.

Jirgin na gorar ruwa ne, mara nauyi. Kawu ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa, ya ɗaga bakinsa da hannu ɗaya, ya ce irin wannan iska ce ke tuƙa shi, sai an zauna ƙasa-ƙasa. Ya sa muka jera kayanmu a tsakiya daidai, kula a ƙasa, jaka a kai. Ni ya ajiye ni a gaba, shi ya zauna a baya, domin na baya ne ke riƙe da akalar jirgi. Ya koya mini abin da ya kamata a ce na koya tun ina yaro: in nutsa bakin filafilin gaba ɗaya kafin in ja, in ja da kafaɗa da baya maimakon damtse, in ciro shi a daidai ƙuguna, kada in miƙe tsaye, kada in kama reshe in jirgi yana tafiya. Cikin minti ashirin hannuna ya faɗa. Shi kuwa yana murza filafilinsa a ƙarshen kowace ja, jirgin na tafiya sak ba tare da ya sauya hannu ba.

Daga inda ake sauke jirage akwai wani ɗan kududdufi da suke kira da sunan injin yanka katako da aka taɓa kafawa a wurin. Muna shan kwanar farko muka tsaya da tuƙi, mu biyun, ba wanda ya ce wa wani.

Bishiyoyin a cikin ruwa suke tsaye, ɗaruruwa, har iya ganinka. Saifires ake ce musu. Gindin kowace ya buɗe kamar bakin babbar riga, yana da tsaga-tsaga, sa'annan ya tsuke ya miƙe sama sambal. Gindin ya tuna mini da na rimi, sai dai rimi ba ya yarda ya tsaya a ruwa shekara da shekaru. Danginsu na itatuwa masu allura ba sa zubar da ganye, amma ita wannan tana zubarwa duk hunturu, kuma kafin ya zube yana komawa launin lalle da ya kama sosai, wani ja, wani ruwan goro. Ruwan kansa baƙi ne kamar shayi ba madara, saboda ganyen da ke jiƙa a cikinsa, ga shi a kwance lumui, don haka duk bishiya biyu ce, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A gefe-gefe wasu tsiraran saiwoyi sun ɓullo daga ruwa kamar turaku. Gwiwoyi suke kiransu. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kansu, wasu na cewa numfashi bishiyar ke yi da su, wasu na cewa tokare ta suke yi a cikin taɓo.

Daga kowane reshe kuma wani abu toka-toka yana reto kamar gemun dattijo. Kawu ya ɗaga tabaransa ya ƙura masa ido ya ce, "Kauci ne wannan? Ai zai kashe su." Na gaya masa abin da na karanta, cewa ya sha bamban da kauci, don ba ya huda itace ya sha ruwansa. Ba shi da saiwa ma sam. Rataye kawai yake, yana shan raɓa da ruwan sama da ƙurar iska, kuma abin mamaki dangin abarba ne. Mutanen kudu sun daɗe suna tsinkarsa su busar su cusa katifa da kujeru. Kawu ya sa na matsa da jirgi ƙarƙashin wani reshe, ya taɓa shi da bayan hannu, ya duba inda ya naɗe a jikin ɓawon, ya tabbatar da idonsa cewa bai shiga ciki ba, sannan ya yarda.

Mun yi kusan awa biyu muna zagaye, muka fita ta wani siririn lungu zuwa rafin da ke shayar da tafkin, muka dawo. Ni hoto nake ta ɗauka. Shi kuwa na lura ba sama yake kallo ba, gindin itatuwa yake bi da ido, da gaɓa, da duk inda ƙasa ta ɗan fito. Can ya ce, "Ɗan nan, ina 'ya'yansu?"

Ban gane ba da farko. Ya nuna da filafili. Ya ce duk waɗannan tsarar juna ne ko kusa da haka, manya da matsakaita, amma tun da muka shigo bai ga ɗan tsiro ko ɗaya a cikin ruwan ba, bai ga mai tsayin mutum ba. Ya ce garin da ka shiga ka ga dattawa zalla ba yara, akwai magana. Na waiga na duba da kaina. Gaskiyarsa ce, kuma da ni kaɗai na zo, da na koma Dalas da hotuna ɗari uku ban lura ba.

Da yamma bayan mun kafa tanti, na koma ofis na sa tambayar gaban wata ma'aikaciyar gandun. Ta ce baƙi kaɗan ne ke yin wannan tambayar. Bayanin da ta yi mini, haɗe da abin da ke rubuce a allunan ɗakin tarihi na wurin da wanda na karanta daga baya, shi na kawo wa Kawu bayan magariba, muna zaune kan tabarma da shayi. Alƙibla a can arewa maso gabas take, abin da har ya koma gida bai daina ba shi mamaki ba.

Tafkin nan itace ne ya haife shi. Shekaru aru-aru Jan Kogi, wanda ke bi ta Luwiziyana, yana cin gaɓarsa yana kayar da bishiyoyi, su kuma suna sarƙewa da juna har suka toshe kogin na tsawon fiye da mil 100. Toshiyar ta yi kaurin da ciyawa da itatuwa suka tsiro a kanta. Da ruwa ya rasa hanya sai ya koma baya ya malale kwaruruka, ɗaya daga cikinsu shi ne wannan. Mutanen da suka ba tafkin sunansa, ƙabilar Kaddo, manoman masara da wake da kabewa ne, masu ginin tukwane na ban sha'awa, kuma daga kalmarsu ta "aboki" sunan Teksas ya samo asali. Akwai labarin da ake jingina musu cewa girgizar ƙasa ce ta buɗe tafkin a dare ɗaya bayan wani sarkinsu ya saɓa wa gargaɗi. A 1835 suka sa hannu a yarjejeniyar da ta raba su da ƙasarsu ta Luwiziyana a kan dala 80,000. Suka yi yamma, aka ci gaba da tura su, har a 1859 aka kai su inda yanzu ake kira Oklahoma. Hedikwatarsu tana can a garin Binger har yau. Kawu ya tambaye ni ko akwai sauransu a bakin tafkin. Na ce al'ummarsu tana can nesa, a nan sunan ne ya saura. Ya daɗe bai kurɓi shayinsa ba.

Toshiyar da ta ɗaga ruwa ita ta ba jirage masu tururi damar hawowa daga New Orleans, su ratsa tafkin, su bi rafi har garin Jefferson. Daga shekarun 1840 garin ya zama babbar tashar auduga a Teksas. Audugar kuwa bayi ne baƙar fata suka noma ta, kuma gundumar Harrison, wadda muke zaune a cikinta a daren nan, ta fi kowace gunduma a Teksas yawan bayi a ƙidayar 1860. Allunan yawon buɗe ido sun fi son zancen jirage da fitilunsu, amma ni ban iya kallon rafin ba tare da tunanin waɗanda suka yi dakon buhunan ba. A Fabrairun 1869 wani jirgi mai suna Mittie Stephens, ɗauke da fasinjoji da busasshiyar ciyawa, ya kama wuta da dare a kan tafkin, mutum fiye da 60 suka rasu.

Gwamnati kuwa ta daɗe tana yaƙi da toshiyar. Wani matuƙin jirgi, Henry Shreve, ya fara fasa ta a 1833 da jiragen da ya ƙera don tumɓuke kututture, kuma sunansa birnin Shreveport ya ɗauka. Ta sake haɗuwa bayansa. Sai a 1873 injiniyoyin soja suka gama da ita da nakiya. Ruwa ya samu hanya ya zurare, tafkin ya ja baya, jirage suka daina isa Jefferson, ga kuma jirgin ƙasa ya karkatar da ciniki, garin ya durƙushe.

To a nan amsar Kawu take. Irin saifires ba ya tsira a ƙarƙashin ruwa. Yana bukatar danshin taɓo da ruwa ya janye ya bari, kuma ɗan tsiron yana bukatar lokaci ya yi tsayin da in ruwa ya dawo ba zai shanye kansa ba. In ya wuce wannan matakin, sai ya tsaya a ruwa ɗaruruwan shekaru. A jihar Karolina ta Arewa an auna wata da ta haura shekara 2,600. Shekarun da tafkin Kaddo ya ja baya bayan 1873 su suka buɗe fili, kuma da yawa daga itatuwan da muka gani a ranar 'ya'yan wancan lokacin ne. A wannan tsakanin ne ma, wajen 1909, aka gano lu'ulu'u a cikin makankarin tafkin, jama'a suka yi dafifi suna lalube a ruwa iya gwiwa. A 1911 kamfanin mai na Gulf ya haƙa rijiya a tsakiyar ruwa ta ɓangaren Luwiziyana, wadda ake lissafawa cikin na farko-farko irinta. A 1914 aka gina madatsa kusa da Mooringsport, ruwa ya hau ya zauna, neman lu'ulu'u ya mutu. Aka sabunta madatsar a 1971. Ta sama kuma, a ƙarshen shekarun 1950, aka datse rafin da ke kawo ambaliya. Ruwa ya daina sauka sosai, ya daina hawa sosai. Ɗan tsiron da ya samu ya fito kuma, akwai wani gafiyar ruwa da aka shigo da shi daga Kudancin Amurka don fatarsa, yana tumɓuke shi ya cinye.

Kawu ya ajiye kofi ya ce, "Tiga ke nan." Bai bukaci in fassara masa sauran ba. Yana saurayi aka gama madatsar Tiga a 1974, yana magidanci aka gama ta Challawa a 1992, kuma da idonsa ya ga yadda fadamar Haɗeja da Nguru ta sauya. Da, ruwa yakan zo da ƙarfinsa da damina ya share hanyoyi, ya janye da rani a shuka a bayansa. Da ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kachalla ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye wuraren kamun kifi da gonakin shinkafa, ta zama gidan jan-baki. Na gaya masa cewa tafkin Kaddo yana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 1993, tafkin Nguru kuma ya shiga jerin a 2000. Ya ce ashe 'yan aji ɗaya ne. Can cikin duhu wata mujiya ta yi kuka mai gaɓa takwas, wata ta amsa mata daga ƙetaren ruwa, suka yi ta yi har barci ya ɗauke ni.

Washegari muka naɗe tanti da sassafe muka nufi Uncertain, ɗan garin da ke bakin babban tafkin, wanda mazaunansa ba su cika ɗari ba. Ma'anar sunan "babu tabbas", kuma ɗaya daga labaran da ake bayarwa shi ne matuƙan jiragen da ne suka raɗa shi saboda wahalar samun wurin ɗaure jirgi. A nan muka yi hayar wani kwale-kwalen a hannun wani dattijo mai sansanin masunta. Ya shimfiɗa taswirata a kan bencinsa ya bi da yatsa. Tafkin ya kai eka 25,000, kuma yawancin ɓangaren Teksas ba fili ba ne, lunguna ne a cikin itace masu kama da juna. Saboda haka aka kafa turaku a ruwa masu ɗauke da harufa da lambobi, kowace hanyar jirgi da alamarta. Ƙa'idar da ya ba mu guda ce: kada ku bar turke sai kun hango na gaba. Ya tambayi ƙarfe nawa za mu dawo, ya rubuta a littafinsa.

Tururi yana tashi daga ruwan kamar an buɗe tukunya. Daga nesa muna jin harbin maharba agwagi jefi-jefi, don lokacinsu ne. Wani ƙaton zalɓe mai ruwan toka ya tsaya da ƙafa ɗaya har muka zo dab da shi, sannan ya ɗaga da wata irin ƙara mai kaushi. Farare irin balbela, amma sun ninka ta girma, suna jere a rassa. Agwagin daji masu ƙwai a kogon itace suka tashi biyu-biyu suna fito, namijin da ado kamar an yi masa zane da alkalami. Wani tsuntsu baƙi mai jan tukku, girman hankaka, yana sarar busasshen itace har ɓawo na zubowa ruwa. Da rana ta ɗaga, kififiyu suka hau kututture suna shan hantsi, manya a ƙasa ƙanana a kansu.

Kadan kuwa Kawu ne ya gan shi. Ya tsayar da jirgi cak ya ce a hankali, "Dubi gungumen can, na hagu. Ba gungume ba ne." Yana kwance a kan tabo, tsawonsa zai kai na mutum, baƙi ƙirin, bakinsa mai faɗi da zagaye, ba tsini irin na kadanmu ba. Sanyi ya sa jikinsa ya mutu, ko motsi bai yi ba. Muka ba shi tazara mai yawa muka wuce. A jihar laifi ne a ba su abinci, domin wanda ya saba da hannun mutum shi ke zama haɗari.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga wani lungu da ya zama kamar filin ƙwallo, kore shar daga gindin itace zuwa gindin itace, babu alamar ruwa. Na ɗauka kainuwa ce. Kawu ya ɗebo da filafili ya duba. Ganyen ƙanana ne, a naɗe kamar sarƙa, da gashi-gashi a sama wanda ruwa ba ya jiƙawa. Wannan ita ce salbiniya, 'yar asalin Burazil, da aka fara gani a tafkin a 2006. Da zafi tana iya ninka kanta cikin mako guda. Tana rufe ruwa ta hana haske da iska shiga, bado ya mutu, kifi ya gudu. Ana fesa mata magani, kuma ana kiwon wani ɗan ƙwaro daga ƙasarta, ɗan'uwan mai huda masara a rumbu, wanda ita kaɗai yake ci. Da yake sanyin hunturu na kashe ƙwaron, mutanen yankin sun gina masa ɗakin gilashi mai ɗumi a Uncertain, suna kiwo suna sakewa duk shekara.

Na hango kamar turke a ƙetaren koren filin, na ce mu ratsa. Kawu ya yi shiru, sannan ya bi ni. Kuskurena ne. Mita hamsin da shiga jirgin ya yi nauyi kamar ana jansa ta baya, kowace ja sai filafili ya fito da dami. Da muka isa da ƙyar, abin da na hango ya zama karyayyen kututture. Na waiga, hanyar da muka buɗe ta riga ta rufe, turken baya ya ɓace a cikin itatuwa. Ko'ina iri ɗaya. Na ciro waya, babu sabis. Gabana ya faɗi sosai, don tsoho na ɗauko, mai sabon ɗinki a ido, kuma amanarsa a wuyana take.

Kawu ya ce in ajiye filafili in sha ruwa. Ya dubi rana, ya tambaye ni ta wace kusurwa rafin ke shigowa a taswira, na nuna masa yamma. Ya tura mu a hankali zuwa wani ɗan buɗaɗɗen wuri tsakanin itatuwa biyu, ya tsinki busasshen ganye ya ɗora a ruwa, muka zuba masa ido. Ya fi minti biyu kafin ya gusa, amma ya gusa. Ya sake gwadawa a wani wurin. Ya ce ciyawa irin wannan a mataccen ruwa take taruwa, inda ta yi ƙaranci nan ruwa ke tafiya, kuma hanyar jirgi tana inda ruwa ke tafiya. Ya juya filafilinsa ya mai da shi gora, yana dogara ƙasa da gindin itace, don zurfin bai wuce ƙugu ba. Muka bi bakin tabarmar ciyawar maimakon tsakiyarta. Bayan kamar minti arba'in na ga jan abu a jikin wani sanda. Na karanta lambar, na same ta a taswira, na yi hamdala da ƙarfi. Kawu ya ce, "Yanzu sai ka riƙe maganar mai jirgi."

Mun iso kafin lokacin da aka rubuta. Dattijon ya ba mu tiyo muka wanke jirgi da filafili da takalmanmu tas, muka tsince duk wani ɗan ganye, domin guntu ɗaya da ya maƙale ya isa ya kai cutar wani tafkin, kuma doka ta hana a fita da ita. Da na ba shi labarin tambayar Kawu, ya ce in muna son ganin ƙanana mu duba gaɓar rafi ta sama, inda ruwa ke hawa da sauka. Ya ce a 'yan shekarun nan masu kula da madatsar sama suna sakin ruwa lokaci-lokaci don kwaikwayon ambaliyar da, har an dawo da wani kifi mai dogon hanci kamar filafili a 2014 bayan ya daɗe da ɓacewa.

Kawu ya ce ba za mu kama hanyar Dalas ba sai mun duba. Muka koma gandun, muka yi azahar da la'asar, muka bi gaɓar rafin a ƙafa. Yana gaba da sandarsa, yana buɗe ciyawa. Mun yi tafiyar kusan rabin awa kafin ya durƙusa. A wani ɗan tudun taɓo, taku uku daga ruwa, ga ta nan: siririya kamar tsinken tsintsiya, da 'yan rassa biyar ko shida, ganyenta ya yi ja irin na iyayenta. Ya auna ta da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ya duba layin da ambaliyar bara ta bari a jikin babbar bishiyar da ke kusa, ya dawo ya dubi kan 'yar tsiron, ya ce saura taƙi biyu ta tsira.

A ƙasa akwai 'ya'yan saifires da suka faɗo, ƙulli-ƙulli kamar goriba ƙarama. Ya ɗauki ɗaya ya murƙushe, ta watse gutsi-gutsi, ƙaro mai ƙamshi ya manne masa a yatsu. Ya ce zai sa a aljihu ya kai Nguru. Na ce, "Kawu, ba a fita da komai daga gandun nan, kuma a filin jirgi ma ba za su bari ba." Ya jinjina kai. Ya matsa gaba kaɗan inda taɓon ya fi tudu, ya yi rami da bakin sandarsa, ya zuba gutsattsarin a ciki, ya ce bismillah, ya rufe da diddige yadda ake rufe gero. Ya yi haka sau uku a jere, taku ɗaya tsakani, sannan ya goge hannunsa da ciyawa ya ce mu tafi kada dare ya yi mana a hanya.